ALBASA: SANA'AR DA ƊA KE GADA WURIN UBANSA

Duk wanda ya bi ta unguwar Television, a kudancin Kogin Kaduna, da hantsi, ba zai rasa ganin masu albasa ba a bakin tashar mota da gefen titi, kowa ya kasa tasa kashi kashi bisa buhu, manya daban, ƙanana daban. Mata na tsayawa suna tayawa, su ɗauki wannan su latsa wuyanta, su ajiye, su ɗauki waccan. Akawu ya taso daga ofis ya sayi ta cefane, malamin makaranta ma haka. Amma da wuya ka sami wanda ya taɓa tambayar kansa inda wannan albasa ta fito, ko su wane ne suka san yadda a ke yi har ta kai haka. Mu ma da haka mu ke, sai da aikin zagaya makarantu ya kai mu garuruwan da a ke nomanta, sa'an nan muka gane lalle akwai magana a cikinta wadda ta kamata mu kawo wa masu karatu.

Da farko dai, galibin wannan albasa ba a Kaduna aka noma ta ba. Gaskiya ne akwai lambuna a bakin kogi, inda a ke samun alayyafo da latas da kabeji da tumatir da masara ɗanya, har da lawashi da 'yar albasa kaɗan. Amma manyan kawunan nan masu sheƙi, a mota a ke kawo su daga arewa, a sauke a kasuwannin kayan gwari kamar Bakin Dogo, sa'an nan 'yan kiri su rarraba su cikin unguwanni. Waɗansu daga Aliero su ke a Jihar Kebbi, waɗansu daga Wurno da Goronyo da Gada a ƙasar Sakkwato, waɗansu daga Kura da Kadawa a ƙasar Kano, ko daga fadamun Zazzau. Akwai kuma wadda ta ƙetaro iyaka daga ƙasar Nijar. Dalili kuwa shi ne, albasa tana son sanyin hunturu sa'ad da ta ke yin ganye, tana son zafi da busasshiyar iska sa'ad da ta ke yin kai, ba ta kuwa shiri da laima ko kaɗan. Kaduna na da doguwar damina, don haka ƙasashen da ke arewa da ita sun fi ta dacewa.

To, abin da ya ja hankalinmu a waɗannan garuruwa shi ne, ba ka cika ganin mutum ya tashi rana ɗaya ya zama manomin albasa ba. Sana'ar gida ce. A Aliero yaro tun bai kai shiga makaranta ba ya san bakin fangali, ya san yadda a ke buɗe wa ruwa hanya a toshe. In ya ƙara girma sai a sa shi dashe tare da yayyensa a gonar gandu, daga nan uban ya yanka masa gayauna ya gwada hannunsa. Kafin ya yi aure ya riga ya ga shekarar riba da shekarar asara, ya kuma ji dattawa na faɗin dalilin kowace. Wannan ilmi ba a rubuce ya ke ba. Yana cikin kan mutane ne, kuma rabinsa a kan abu guda ya tsaya, watau iri.

IRI SHI NE GADON

Bari mu ɗan daɗe a nan, don nan ne gindin maganar.

Mai noman gero ko dawa, in ya yi girbi sai ya ware zangarniya masu kyau ya ajiye, shi ke nan ya sami irin baɗi. Albasa ba haka ta ke ba. Shekara biyu a ke yi kafin a sami irinta na kirki. A shekarar farko a kan zuba iri a ɗan wurin reno wajen watan Oktoba ko Nuwamba, bayan mako shida ko bakwai a cire a dasa cikin fangali, a yi ta ban ruwa har wata uku ko huɗu, sa'an nan a haƙe. Ranar haƙa ita ce ranar da mai gida ke nuna gwanintarsa. Zai zauna gaban tsibin albasa yana dubawa ɗaya ɗaya, yana ware waɗanda ya ga sun cika siffar da gidansu ke so: kai guda wanda bai rabu biyu ba, siririn wuya wanda ya bushe sarai, ɓawo mai kauri, launi daidai. Waɗannan ba na sayarwa ba ne, kome tsadar da albasa za ta yi. Za a adana su duk tsawon damina, ana dubawa ana fid da wadda ta fara lalacewa. In hunturu ya kusa sai a sake binne su, waɗansu ma su kan yanke samansu kaɗan don su yi saurin tsiro. Sanyi ne ke sa su fid da dogon kara mai dunƙulen farin fure a kai, ƙudan zuma da sauran ƙudaje su yi ta kai da kawowa a kansa, har ya ɗaure 'ya'ya baƙaƙe ƙanana. Wajen watan Maris a yanke kawunan furen, a shanya, a sussuke, a sheƙe.

Ka ga ke nan wanda zai shuka albasa bana, aikin da ubansa ya yi shekara biyu da suka wuce ya ke ci. Ga shi kuwa irin albasa ba shi da tsawon rai. In ya shekara a ajiye, musamman a ɗaki mai zafi, yawancinsa ba zai tsira ba. Saboda haka ba dama gida ya ce bari mu huta shekara uku mu dawo. In aka yanke sau ɗaya, an yanke ke nan, sai dai a je roƙo ko saye wurin maƙwabta.

Akwai wata hanya ta gaggawa wadda raggaye ke bi, ita ce kuwa ke ɓata iri. Cikin kowace gona a kan sami waɗansu tsire tsire da ke yin fure tun shekarar farko maimakon su tsaya su yi kai. Wanda ba ya son wahalar ajiya sai ya bar su su nuna ya tara 'ya'yansu. Ya sami iri a sauƙaƙe, amma ya zaɓi mafi munin hali ya yaɗa, gama 'ya'yan nan halin iyayensu za su ɗauko, baɗi rabin gona ta tashi da kara, albasar kuwa da ta yi kara ba ta da farashi, ba ta ajiyuwa. Dattijon da ya san aikinsa ba ya yarda da wannan. Ba ya kuma yarda a dasa uwar fara kusa da uwar ja, don ya san ƙudan zuma ba ya tambayar gonar wane ce wannan, zai gauraya su.

Daga wannan zaɓe na shekara da shekaru ne aka sami nau'o'in da manoma suka raɗa wa suna bisa ga siffarsu, kamar gindin tasa, mai faɗi, da wuyan bijimi, da wuyan makwarwa. Ba wani masani da ya ƙirƙiro su a ɗakin bincike. Gidaje ne suka yi su da ido da haƙuri.

Mun taɓa ganin abin da rashin sanin wannan ke jawowa. A wata makaranta da muka je dubawa, malamin da ke kula da lambu ya sayo iri cikin 'yar takarda mai hoton ƙatuwar albasa, daga Turai. Yara suka yi dashe, suka yi ban ruwa safe da yamma, ganye ya yi kore shar har ya ba da sha'awa. Aka jira kai, shiru. Da aka tona sai ga abu kamar yatsa. Malamin ya ɗora laifi a kan taki, yaran kuwa, waɗanda galibinsu 'ya'yan manoma ne, suna ta dariya a ɓoye. Taki ba shi da laifi. Albasa tana auna tsawon yini ne kafin ta fara yin kai. Ta ƙasashen sanyi sai yini ya kai awa 14 zuwa 16, kamar yadda ya ke yi can a lokacin zafinsu, a nan kuwa yininmu bai taɓa kai awa 13 ba. Da malamin ya tambayi kakan kowane ɗaya daga cikin yaran nan, da ya ba shi irin da ya saba da ranarmu, watakila ma kyauta.

ZAƘI DA YAJI

Sau da yawa mu kan ji masu saye na neman albasa mai zaƙi, wadda za a yanka ɗanya bisa tsire ko cikin kwaɗo ba ta ƙona baki ba. Yajin albasa, wanda ke sa mai yanka ta hawaye, daga farar wutar da ke cikin ƙasa ya ke. Saiwa ce ke tsotso ta, albasar ta sarrafa ta. In ƙasa ba ta da farar wuta da yawa, aka kuma wadata shukar da ruwa, kuma irin mai sanyin hali ne, sai yajin ya ragu, zaƙin da ke ɓoye ya fito. Watau abu uku ne suka haɗu: iri, da ƙasa, da hannun mai ban ruwa.

A Amurka akwai wani gari Bidaliya, cikin Jihar Jojiya, wanda ya yi suna saboda wannan. A shekarar 1931 wani manomi Mose Coleman ya shuka albasa a ƙasarsu mai yashi, ya tarar ba ta da yaji. Lokacin kuwa ana cikin matsin tattalin arziki, amma ya sayar da buhu mai laba 50 a kan dala uku da rabi, kuɗi mai kauri a wannan zamani. Maƙwabta suka kwaikwaya, 'ya'yansu suka gada, jikoki suka ɗora. Da sunan ya bazu sai 'yan kasuwa suka fara zuba albasar wani wuri cikin buhu suna cewa ta Bidaliya ce. Don haka a 1986 majalisar jihar ta yi doka, ba wanda zai kira albasarsa da wannan suna sai wanda ya noma ta cikin gundumomi 20 da aka ƙayyade. A 1989 gwamnatin tarayyarsu ta ƙarfafa dokar.

Amma kada mai karatu ya ɗauka muna cewa tasu ta fi tamu. Albasa mai zaƙi ruwa ne ya yi mata yawa, ba ta jimre ajiya. Mutanen Bidaliya sai da suka gina manyan ɗakunan sanyi kafin su iya riƙe tasu 'yan watanni. Manominmu kuwa ba shi da wannan. Abin da ya ke da shi shi ne rudu, ko rumfar kara mai ciyawa a sama, an ɗaga ƙasanta don iska ta ratsa. Albasa ta fi araha a watan Maris da Afrilu sa'ad da kowa ke haƙa, ta fi tsada daga ƙarshen damina zuwa farkon hunturu. Ribar gida duka tana tsakanin waɗannan lokatai biyu, ga wanda albasarsa ta iya jira. Saboda haka kakanni suka zaɓi ja mai ɗan yaji, mai tauri, suka bar mai zaƙi ta zama ta ci yanzu. Mu a ganinmu sun yi lissafi daidai. Ko da hakanan ma, a shekara mai laima a kan yi asarar abin da aka ajiye har kusan rabi. Wanda ya cika wa gonarsa takin yuriya don kai ya yi girma, ko ya ƙi yanke ruwa mako biyu kafin haƙa, shi ya fi kowa kuka, gama albasarsa za ta yi ƙaton wuya mai ruwa, ta nan kuwa ruɓa ke shiga.

Mutanen Kaduna sun ɗanɗana abin da ke faruwa in abin ya ɓaci a can arewa. A ƙarshen 2020, bayan ambaliyar da ta yi ɓarna a Kebbi da Sakkwato, albasa ta yi tsadar da har matan aure suka riƙa raba kai ɗaya miya biyu.

Darasin da ya fi kusa da mu yana Galmi, wani gari na Hausawa a jihar Tawa ta Nijar, kan hanyar Birnin Ƙonni zuwa Madawa. Albasar Galmi mai launin shuni shuni ta yi suna tun daga Yamai har Abijan da Ankara ta Gana da Kwatano, mata na son ta don tana narkewa cikin miya ta ba ta kauri, 'yan kasuwa na son ta don tana jimre doguwar tafiya. Kusa da Maraɗi ma akwai farar Sumarana da jar Tarna, kowace da sunan ƙauyenta. A 2009 manoman Nijar da hukumarsu suka ta da murya, don wani kamfanin sayar da iri na ƙasar Senegal ya nemi a rubuta masa albasar Galmi a matsayin tasa a ofishin OAPI, watau ƙungiyar ƙasashen Afirka da ke rajistar irin waɗannan haƙƙoƙi, mai mazauni a Yawunde. Suka ce yaya za a yi abin da kakanninsu suka zaɓa da hannunsu ya zama mallakar baƙo, har wata rana jikoki su sayi izini kafin su shuka? Kamfanin bai sami sunan ba. A 2023 aka miƙa wa Nijar takardar shaida mai tsare sunan albasar Galmi, tare da ta kilishinsu. Albasar Aliero ba ta gaza wannan suna a kasuwannin Ikko da Anaca da Fatakwal ba, ya kuwa kamata masu ita su dubi abin da maƙwabtansu suka yi.

ABIN DA KE CIN GIDAJEN NAN

Aikin kansa ya sauƙaƙa bisa ga da. Kakanni da jigo da guga suka yi ban ruwa, mutum ya wuni yana ja yana zubawa don 'yan fangaloli kaɗan. Daga shekarun 1980 aka fara samun ƙananan injuna da rijiyoyin burtsatse marasa zurfi, shirin Fadama da aka soma a 1993 ya ƙara yaɗa su, har gida ɗaya ya iya noma abin da da sai gidaje biyar. Sai dai inji da mai ya ke aiki, tun kuwa da aka janye tallafin man fetur a 2023 kuɗin ban ruwa ya hau, shi ya sa waɗanda ke da hali suka koma injin mai aiki da hasken rana.

Abin da ya fi ba mu tsoro ba tsadar mai ba ce. Na ɗaya shi ne irin kasuwa. Yanzu saurayi ya kan ga ajiye uwar albasa wata shida ɓata lokaci ne, gara ya sayar da ita duka ya sayi iri a mudu ko a gwangwani in lokaci ya yi. In ya dace, to. In bai dace ba, ya sayi tsohon iri ko gauraye, ba kuwa zai sani ba sai bayan ya kashe kuɗin taki da mai da 'yan ƙwadago. Ido ba ya bambanta irin albasa mai kyau da marar kyau, duka baƙaƙe ne. Shaidarsa guda ce, sanin gidan da ya fito.

Na biyu shi ne ƙasa. Fadama ba ta ƙaruwa, magada kuwa suna ƙaruwa. In mai gida ya rasu aka raba, kowa ya sami ɗan yanki, wani yankin ma ba rijiya a cikinsa. Rabon gado hakki ne, ba mai ja da shi, amma ba abin da ya hana 'yan'uwa, bayan kowa ya san nasa, su ci gaba da aiki tare da inji ɗaya da rudu ɗaya. Gidajen da muka ga sun daɗe cikin sana'ar, galibi haka suka yi. A bakin manyan garuruwa kuwa abin ya fi muni, don mai fegi na biye da magada da kuɗi a hannu. Wanda ya san kudancin Kaduna shekaru talatin da suka wuce ya san wurare da yawa da ke lambu a da, yau gidaje ne. Kogi kuwa bai manta da hanyarsa ba, kamar yadda ambaliyar 2012 ta nuna wa waɗanda suka yi gini a bakinsa. An rasa lambu, gidan ma bai tsira ba.

Na uku, a nan ne mu ma'aikatan ilmi ke da namu laifi. Shekara da shekaru mun mai da noma abin horo. Yaro ya makara, a ba shi fartanya. Ya yi surutu a aji, a tura shi lambu. Me mu ke koya masa, in ba cewa sana'ar ubansa hukunci ce ba? Sa'an nan ya gama makaranta ya nufo birni neman albashi. Da can masaƙun Kakuri, maƙwabtan Television, sun ɗauki dubban irin waɗannan samari. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, waɗansu suka bi bayanta. Wanda ya bar ɗan'uwa a gona ya sami wurin komawa. Wanda gidansu suka sayar da fadama, suka bar iri ya mutu, sai ya tsaya a birni yana neman abin yi, watakila ma shi ne ke kasa albasar wani a bakin tasha.

Ba muna cewa a hana yaro karatu don ya tsare fangali ba ne, Allah ya kiyaye. Gidan albasa ya fi kowa bukatar ɗa mai ilmi. Shi zai rubuta abin da aka kashe da abin da aka samu, ya san ko dillali ya cuce su a la'ada, ya karanta abin da ke jikin kwalbar maganin ƙwari kafin a fesa, ya je Samaru wurin masu binciken aikin gona ya yi tambaya ba tare da jin tsoro ba. Abin da mu ke so shi ne ya riƙe biyun.

Malamin da ke garin masu albasa yana da littafin da ya fi na kanti. Lissafin fili da na riba da faɗuwa duk suna cikin fangali. Labarin ƙasa yana cikin hanyar da buhu ke bi daga Aliero zuwa Ikko. Ya roƙi wani dattijo ya zo makaranta ranar da a ke zaɓen uwa, ya zauna gaban yara ya nuna musu abin da ya ke dubawa, yaran su rubuta da Hausa, a ajiye a makaranta da sunan garin da shekarar. Akawun ƙaramar hukuma kuma, in an zo rabon taimakon noma, ya tuna wa shugabanninsa akwai gidajen da ke fid da iri nasu na kansu, a san su, a saya a wurinsu kafin a aika neman na nesa.

Wanda ke so ya gwada fid da iri a lambun makarantarsa, kada ya jira hunturu. Tun watan Afrilu zai nemi kawunan, sa'ad da su ke da araha, daga gida ɗaya wanda aka sani, guda hamsin ma sun isa. Ya shimfiɗa su bisa gadon kara inda iska ke shiga, ruwa ba ya taɓawa, kada a ɗora wata kan wata. Ya sa yara biyu su riƙa dubawa kowace Jumma'a suna fid da mai taushin wuya, suna rubuta adadin da ya rage. Abin da ya kai ƙarshen Oktoba lafiya, shi za a binne.